Takardun Goggo Kulu da Ruwa Bai Ci Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Maijidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Birnin Kebbi lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari, Ya sa aikin nan da sabuwar jiha ta ba ki ya zame maki alheri. Amin.

Ki yi haƙuri da hannuna. Bokon ajin yaƙi da jahilci ne, da girma na koye shi, har yau alƙalamin yana so ya fara daga dama. Na zaɓi in rubuto ne don na san halina. In na zaunar da ke in faɗa da baki, a "ki riƙe salla, ki kama kanki" zan tsaya, in yi shiru kamar yadda na saba.

A saman kayanki za ki ga wani abu naɗe cikin tsohon ɗankwalina. A sama na sa shi don akwai sunan Allah a ciki, ban yarda in ɗora masa komai ba. Falle tara ne na takarda, rubutun ajami. Su kaɗai suka rage daga abin da ya taɓa cika adudu guda. Sauran ni na halaka su da hannuna. Ina so waɗannan su bar gidan nan tare da ke, kuma ba zan ɗora maki kaya ban gaya maki abin da ke ciki ba.

Kin tuna hutun bara, da kika zo daga kwaleji da wasu tsofaffin littattafai da malamarku ta ara maki? Bangonsu ya ɓare, takardun sun yi ja kamar an tsoma su a shayi. Ina tsintar shinkafa a tsakar gida, kika jawo 'yar kujera kina fassara mani. Wani yana maganar leburori da masu masana'anta. Wata tana maganar aikin da mata ke yi wanda ba mai kiransa aiki. Wani kuma, wanda ya fi ba ki mamaki, ya ce mutane za su iya tafiyar da lamarinsu ba tare da an ɗora kowa a kansu ba. Kika rufe littafin kika ce, "Inna, dubi fa, tun kafin a haifi kakana mutane suka yi wannan tunani. Mu nan ko mace ɗaya ba a taɓa samu ba da ta ɗaga kai daga murhu ta ce uffan."

Na ce maki, "Rage murya, Babanki na zaure da baƙi."

Abin da na ce ke nan. Amsar tana bakina, na haɗiye ta. To yau ga ta: an samu, Maijidda. Sunanta ma kike ɗauke da shi.

Goggo Kulu ƙanwar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da kuka sani game da ita shi ne ta yi sana'ar banda, ba ta haihu ba, ta rasu ina da cikinki. Ni na taƙaita maku ita haka. Amma tare suka yi karatun allo da Baba a zauren kakanmu, kuma tsofaffi sun ce ta riga shi sauka. Shi ya zama Malam, ita ta auri Kawu Bawa ta koma bakin kogi tana gasa kifi.

Ba ki san bakin kogin nan ba, ruwa ya rufe shi kafin ki zo duniya. Da ma kin gan shi da hantsi. Murahun banda a jere tun daga gindin wata tsamiya har kusa da ruwa, hayaƙi ya kwanta a kan rairayi, jirage na shigowa ɗaya bayan ɗaya, tarwaɗa na wutsil-wutsil a cikin kwando. Matan gungu, mazauna tsibiran tsakiyar kogi, suna tuƙo jiragensu da kansu, da albasa da itace, suna kiran juna da yarensu. Akwai masu salla, akwai masu zuwa coci, akwai waɗanda ke kan al'adar iyayensu, kuma duk wuta ɗaya suke ɗiba. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen itace a kan kifi, sai in ji kamar in na waiga zan ga Goggo ta ɗaure zane a ƙirji tana juya kifin kurungu da hannu ba ta jin zafi.

Matan nan ba su da shugaba. Itace bi da bi ake yowa. Wadda ta haihu, sauran ke gasa mata kifinta har ta yi arba'in. In rigima ta tashi, bayan la'asar sai su zauna a kan rairayi, kowa ta faɗi nata, ba a tashi sai an daidaita, ko da kifi zai ƙone. Abin yana ba dillalai haushi. Na ji da kunnena wani ya ce, "Wai ku wace ce babbarku, mu san da wa za mu yi magana?"

Goggo ta nuna sama da muciya ta ce, "Ga shi nan, Alhaji, hayaƙi. Shi ke kanmu duka. Yi mai magana, muna ji."

Sa'ad da aka fara aikin tare kogi, wato ginin madatsar ruwa, Kawu Bawa ya tafi lebura. Yakan dawo da ƙurar siminti har cikin kunne, da burodi, da wasu 'yan takardun boko da leburori ke miƙa wa juna a ɓoye. Shi ya iya boko kaɗan-kaɗan. Sai ya zauna bakin murhu yana karanta wa Goggo, yana bin layi da yatsa: leburori su haɗa kai, gumin talaka ne ke gina ƙasa, da sauransu. Goggo tana ji, tana gyara wuta. In ya ƙare sai ta ce, "To mi sunka ce game da mu?"

"Ku wa?"

"Mu da ke ba leburan tuwo."

Kawu ya juya takarda gaba da baya. "Ba su kawo nan ba tukuna."

"Ai ba za su kawo ba, Bawa. Mai wagga takarda da cikinshi cike ya rubuta ta, bai ko tambayi wa ya wanke kwanon ba. Miƙo man tawada."

Haka ta fara. Abin da takardun Kawu suka tsallake, ita ta riƙa rubutawa, da alƙalamin kara da tawadar da take dafawa da kanta. Kuma kowane falle da sunan Allah take buɗe shi, kamar yadda aka koya mana. Ki riƙe wannan, don shi ne abin da na fake da shi daga baya.

Da ruwa ya kusa tasowa, aka turo masu rubuta sunaye da babban littafi, don a san abin da kowa zai rasa da inda za a mai da shi. Aka rubuta masu gida, masu gona, masu jirgi, masu taru. Har bishiyar mangwaro an rubuta. Ba a rubuta murhu ko ɗaya ba. Wato a sabon bakin ruwa ba a ware wa matan banda wurin da za su kafa wuta ba. Matan suka zauna a kan rairayi kwana uku a jere, suka ce a yi takarda a karanta gaban manya ranar da masu littafin za su dawo. Goggo ta rubuta.

A lokacin hayaƙi ya riga ya cinye mata ƙirji. Ba ta iya jan magana mai tsawo sai tari ya yanke ta. Sai ta zo ɗakina. Ina amarya-amarya, da yayanki a goye. Ta ce, "Hassi, ke Allah Ya ba murya. Ranar saukar karatunki har bayan danga anka ji ki. Zo ki karanta muna wagga takarda jibi. Ba sai kin ƙara komi ba, abin da ke rubuce kaɗai."

Na sunkuyar da kai na ce, "Goggo, ba na jin Malam zai bari." Babanki nake nufi.

Ta dube ni ta ce, "Kin tambaye shi?"

Na ce zan tambaya.

Ban tambaye shi ba, Maijidda. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa kunyarsa ce ta hana ni. Gaskiyar ita ce ina tsoron ya ce in je. Kin san Babanki, da wuya ya hana. A lokacin mutane sun fara ce mani "ɗiyar Malam mai natsuwa", sunan ya yi mani daɗi, ban so a ce an ji muryata a tsakiyar maza. Washegari na ce ina son ganin dangin Innata a Shanga, na ɗauki goyo na tafi. Sai da na tabbata an gama na dawo.

Goggo ta karanta da kanta. Aka ce ba ta kai rabi ba tari ya kama ta. Ta tsaya, ta sake farawa, ya sake kama ta. Wani daga cikin manya ya ce a ba baiwar Allah ruwa, aka yi 'yar dariya, aka shiga wata magana. Ruwa ya zo ya rufe tsamiya da murahu. A sabon wuri kowace mace ta koma gasa nata a bayan ɗakinta, wasu suka bi mazansu Wara, wasu Ngaski. Zaman kan rairayi ya ƙare ke nan. Ban ce da na karanta da an ba su wuri ba. Wannan Allah kaɗai Ya sani. Amma da an ji takardar har ƙarshe.

Da na je gaishe ta ba ta yi mani faɗa ba. Cewa ta yi, "Ya mutanen Shanga? Sun ji daɗin muryar?" Ta miƙo hannu ta karɓi yaron.

Ga abin da nake so ki ɗauka a nan. Kunya gaskiya ce, kuma ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma tsoro yakan ari zanenta ya ɗaura. Inda za ki, wata rana abokiyar aiki za ta ce ki raka ta gaban babba, ko ki sa hannu a takardar da ta shafi masu shara ko masinja. Ki duba lamarin da kyau. In ba daidai ba ne, ki ce mata a'a da bakinki, ido da ido. In daidai ne amma kina jin tsoro, ki ce tsoro nake ji. Kada ki rataya wa mijinki ko ubanki ko addininki abin da zuciyarki ce ta ƙi. Ni na rataya wa Babanki, har yau bai san yana ɗauke da shi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma da alwala na yi shi.

Kawu Bawa ya riga ta rasuwa. Da ita ma ta cika, aka raba 'yan kayanta, adudunta ya zo hannuna, don an ce takardu ne a ciki, ni ce mai karatu. Bayan sadakar bakwai na buɗe. Cike yake. Na ɗauko na karanta kaɗan. Ga sunan Allah a sama, a ƙasa kuma ga maganar manya da yadda suke cin gumin mutane, ba sakayawa. Ga inda ta ce mace ba rabin ma'aikaci ba ce. Ga inda ta kira matan da ba su salla 'yan'uwanta. Zamanin soja ne, ana tsoron takarda. Ni kuma wani tunani ya shige ni: muddin ana karanta maganar da ta taɓa mutuncin wasu, alhakin zai riƙa bin Goggo har kabari. Na ce bari in sauke mata.

To amma yaya za a yi da takarda mai sunan Allah? Ba a zuba ta a juji, ba a barinta inda ƙafa ke takawa. Kin san yadda muke yi da fallayen da suka tsufa suka yage: a naɗe su, a ɗaura dutse, a sa a ruwa mai zurfi mai tsarki. Haka na yi. Na samo farin ƙyalle sabo, na naɗe su da kyau kamar mai shirya amana, na ɗaura dutse.

Wadda na roƙa ta kai ni tsakiyar ruwa ita ce Tani, aminiyar Goggo, mutuniyar gungu. Murhunta na jikin na Goggo tun Goggo na amarya. Na ce mata tsofaffin takardun karatu ne. Ta ce to, ta ɗauko filafilin tuƙi. Da safe ne, ruwa kwance kamar an shimfiɗa shi. Muna tafe tana nuna mani da baki: nan kasuwa take, nan tsamiya, nan Kulu ta taɓa faɗawa da kwandon kifi a ka ta tashi tana zagin kwandon. Muna dariya. Ta tsai da jirgi daidai inda take jin murahu suke, ta ce, "Sa su nan, sun san wurin."

Na yi bisimilla na saki. Ko ƙara bai yi sosai ba.

A hanyar dawowa ta ce, "Na Malam ne takardun?"

Da na yi shiru da ya wuce. Amma ni ba na ƙarya, kin sani, da wannan nake taƙama. Na ce, "Na Goggo ne."

Ta daina tuƙi. "Waɗanne?"

"Duka. Na cikin adudu."

Ta dubi ruwa. Sannan ta ce, "Ɗiyar Malam, sunana na ciki."

Ban gane ba. Ta ce da masu babban littafi suka ƙi rubuta su, Goggo ta bi matan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sunan kowace da sunan uwarta da inda murhunta yake, ta ce ko ba su shiga littafin gwamnati ba, sun shiga nata. Tani ta ce, "Ni ban iya karatu ba, amma ta nuna man inda nike. Na sa yatsa a kai."

Ta ci gaba da tuƙi har muka kai gaɓa. Na miƙa mata goro, ba ta karɓa ba. Ba da jimawa ba ta koma Wara wurin 'ya'yanta.

Ban karanta ko kashi ɗaya cikin goma na abin da na nutsar ba. Wannan shi ke hana ni sukuni. Na yanke wa takardu hukunci ban saurare su ba, na kuma sa wa abin suna ladabi. Baba yana da rai a lokacin, gidansa taku kaɗan ne daga nawa, ban je na ce "Baba, me shari'a ta ce a kan wannan?" ba. Don haka, ɗiyata, duk abin da in an yi shi ba ya warwaruwa, ki kwana a kansa, ki tambayi wanda ya fi ki sani, ki kuma tambayi wanda abin ya shafa. Musamman ranar da kika ji zuciyarki fes, kina ganin don Allah za ki yi. Ranar ce mutum ba ya waiwaye. Wanda ya san yana aikata laifi yakan ji hannunsa na rawa. Nawa bai yi rawa ba ko kaɗan.

Da aka haife ki na roƙi Babanki ya sa maki sunanta. Ya yi murna, ya ɗauka ƙauna ce kawai. Daga nan na rufe bakina. Kuna tasowa kuna tambaya wace ce Goggo Kulu, ina cewa mai banda ce, Allah Ya jiƙanta. Wannan shi ne na uku, kuma shi ya fi daɗewa, don kullum nake sabunta shi. Shi ya sa kika girma kina zaton sai an ƙetare teku ake samun mace mai tunani. Laifin ba naki ba ne.

A daminar nan, kin tuna, rufin ɗakin Baba marigayi ya yi yoyo, na kwaso gafakokinsa na shanya littattafan a kan tabarma falle-falle. Kina ciki kina guga. A tsakiyar wani littafin fiƙihu na ga hannun da ba nasa ba. Goggo tana jan wutsiyar harafi kamar ƙugiya, ko a mafarki na gani zan gane. Na zauna a ƙasa. Kika leƙo kika ce, "Inna, lafiya?" Na ce rana ce.

Ashe takan kai wa Baba abin da ta rubuta. Baban da a gaban mutane yake cewa Kulu ta cika baki. Za ki ga jan tawada a gefen takardun, nasa ne. A wani falle ta rubuta: "Mai jirgi ya kamo kifi da safe. In ba a sa shi wuta ba, kafin la'asar na ƙuda ne. To wa ya ciyar da gari, wanda ya kamo ko wadda ta hana shi ruɓa? Ni na ce su biyu. Mai littafi ya ce ɗaya." A gefe Baba ya sa: "Haka ne." A wani ta ce: "Sun ce mu naɗa babba. Mun ce wadda ta fi sanin wuta ta koya muna wuta, wadda ta fi sanin ciniki ta shige gaba ranar kasuwa, in an dawo kowa ta zauna ƙasa." Baba ya sa: "Ko jam'i sai da liman." A ƙarƙashin nasa, da baƙar tawada, ta mayar masa: "Liman in ya sallame ba ya bin mutane gida." Bai sake cewa komai a wannan fallen ba. Akwai kuma inda ya rubuta, "Wannan ya yi tsauri, Kulu, ki ji tsoron Allah," amma bai yaga ba. Ya adana shi a cikin littafin da ya fi so.

Na yi dariya, na yi kuka. Mutumin da nake ganin ina kare wa suna, shi yana zaune yana muhawara da ita da jan alƙalami.

Game da littattafanki, ban hana ki ba. Ki karanta. Abin da ya yi daidai ki ɗauka, abin da ya taɓa imaninki ki ajiye masu kayansu, ki yi sallarki a kan lokaci ko da taro ake yi. Sai dai kowanne kika buɗe, ki yi masa tambayar Goggo: me ya ce game da mu? Kuma kada karatu ya sa ki shiga ofis ki wuce matar da ke share shi. Ki san sunanta, da na garinsu.

Ranar kasuwar Wara da ta wuce, da na ce maku zan je gaishe da wata tsohuwa, wurin Tani na je. Tana nan da rai, idanun sun tafi. Na same ta a inuwa, surukanta biyu suna banda a rabin ganga. Na yi sallama.

"Wa ke nan?"

"Hassi ce, ɗiyar Malam, daga Yelwa."

"Mai dutse?"

"Ita ce."

"To. Yau kuma mi kika zo nutsarwa?"

Na ce karatu na zo yi mata, in ta yarda. Ta ce kunne ba ya da ƙofa, in yi. Na karanta fallen nan tara tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, har da jan tawadar Baba. Muryar da Goggo ta yaba ta tsufa, tana rawa. Surukan suka bar wuta suka matso. Da na kai wurin liman, Tani ta yi dariya har da buga cinya, ta ce, "Kulu ke nan! Sake man wannan." Na sake.

Da na gama ta ce, "Sunayen fa?"

Na ce ba su cikin waɗannan.

Ta gyara zama. Can ta ce, "Kina da alƙalami?" Ta fara daga gindin tsamiya tana gangarowa, murhu bayan murhu, tana faɗa ina rubutawa. Wasu da sunan uwa, wasu sunan kaɗai. Wani wuri sai ta tsaya ta ce, "Wadda ke bayan Lami, doguwa, mai waƙa in tana hura wuta... sunan ya tafi. Bar mata wuri." Na bar mata. Shi ne falle na goma da za ki gani, da hannuna. Gurbi huɗu ne a ciki ba suna.

Da zan tashi na durƙusa na ce ta yafe mani. Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce, "Nawa na yafe, ɗiyar Malam. Amma ba ni kaɗai kika jefa ba. Na sauran ba ni da ikon ba ki."

Yanzu ga dalilin da ya sa na sa maki su a kaya, kuma shi ne abin da ya fi yi mani wuyar rubutawa. A jirgin dawowa daga Wara, takardun na kan cinyata. Muna tsakiyar ruwa sai na ji tunanin nan ya dawo, da muryarsa mai taushi kamar ta da. Yana cewa: yarinya za ta fara aikin gwamnati, in aka ga irin wannan a hannunta fa? An karanta wa Tani, ai an sauke nauyi. Ga ruwa mai tsarki, ga sunan Allah, me ya rage? Maijidda, sai da na ga hannuna ya kai bakin jirgi. Na juya na miƙa wa wata mata mai buhun albasa da ke kusa da ni, na ce, "Baiwar Allah, riƙe mani wannan, kada ki ba ni sai mun taka ƙasa." Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, ta riƙe.

Na ɗauka na warke, ashe ban warke ba. Takardun nan ba su da aminci a hannuna.

Don haka ga roƙona. Ki tuno ajaminki, kin iya shi kafin boko ya danne shi. Ki kwafe su da boko, ki yi kwafi fiye da ɗaya, ki ba malamar nan taku guda. Kada ki gyara wa Goggo harshe don ya yi kama da na littafi, yadda ta faɗa haka za ki bar shi. Kada ki cire na Baba. Guraben nan huɗu ki bar su a buɗe, kuma duk inda kika haɗu da mutumin Yauri ko Ngaski ko Shanga wanda kakarsa ta yi banda a tsohon bakin kogi, ki tambaye shi sunanta. Kada ki ajiye su a ƙasa, kada ki taɓa su da hannun miya.

In kuma wata rana na aiko, ko da baki ko da takarda, na ce ki maido mani su, kada ki maido. Ko na ce ba ni da lafiya, ko na ce mafarki na yi, ko na yi fushi. Tun da na haife ki ban taɓa yarje maki ki ƙi maganata ba. Wannan guda na yarje maki, kuma ga shi a rubuce, ki ajiye shaida.

Allah Ya kiyaye ki da kiyayewarsa, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin mutum da na zuciya. Ya ba ki abin da za ki ci na halal, da bakin da zai faɗi gaskiya a inda ake bukatarta. Allah Ya jiƙan Goggo da Baba da Kawu Bawa, Ya sa ruwan da ya rufe wurinsu ya zame masu sanyi. Ni kuma ki sa ni a addu'a. In kin sami mai zuwa, ki aiko mana da labarin saukarki, Babanki ba zai tambaya ba amma kunnensa na ƙofa.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Hafsatu